Hancin Mota

Lawandi ne ya ɗaga bonet, a bakin tasha, a Daura,
ya ce, "Baba, motarka da hanci ɗaya take numfashi.
Wannan baƙin akwatin shi ya shaƙe ta.
Cire shi. Ga bututu mai ƙyalli, ga mataci ja kamar dara.
Iska mai sanyi za ta sha,
ƙarfin doki goma ya ƙaru a ƙirjinta."

Ni gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne sana'ata.
Inda kwalta ta gaji ta zauna, nan aikina yake tashi:
bayan Sandamu, rairayi har gindin ƙofa,
hanyar da amalanke ya zana, ruwa ya goge.
Shekara goma sha ɗaya motar nan ba ta kwana da ni a daji ba.
Amma na kalli bututun, na ga fuskata a jikinsa,
doguwa, kamar ta saurayi.
Na ƙirga kuɗin tunkiya na ba shi.

Kai, ta yi murya!
Na taka, ta yi gurnani, awaki suka watse,
mai shayi ya ɗago kai, yara suka bi ni da ihu.
Kwana uku ina neman dalilin fita.
Na huɗu na duba agogo tsakanin Daura da Zango:
yadda nake zuwa da, haka na je.
Mai kuwa, ko cokali ba ta rage ba.
Kunne ya ƙoshi, agogo ya ƙi ba da shaida.

Sallau bakanike bai ce uffan ba tukuna.
Ya kwance bututun, ya zura yatsa, ya fito da shi jawur.
"Ka ga abin da fistin yake tuƙa tuwo da shi?
Matacin nan rariya ce mai manyan idanu.
Iska mai sanyi kuma, a ina?
Cikin bonet, da bazara,
ƙwai ka ajiye nan, kafin Baure ya dahu.
An ƙera wannan don titin da ake sharewa.
Ba girin-girin ba, Malam, ta yi mai."
Na yi dariya, na ce tsufa ne ke damunsa.

Sai damina ta zauna.
Ranar wata Talata, korama ta kawo, iyakar gwiwa,
wadda muka saba ratsawa ina cin gyaɗa.
Na shiga da giya ɗaya.
Matacin yana rataye ƙasa, bayan fitila, baki buɗe.
Ta kurɓa.
Ta yi tari sau ɗaya, irin na mai jin kunya,
sai shiru,
sai ruwa yana wucewa yana taɓa ƙofa.

Shanun Mati ne suka ja mu, su biyu,
ba gurnani, ba ƙyalli, hancinsu a sama.
Can tsallake famfo ya ƙara kwana tara a mace,
mata suna ɗibar ruwan tafki suna tacewa da gefen zane.
Wannan ya fi kuɗin injin yi mini ciwo,
kuma kuɗin injin ya yi ciwo.

Baƙin akwatin na samo shi a tarin ƙarafan Lawandi,
kaza ta yi ƙwai a ciki.
Sai da na saya. Nawa, na saya.
Sallau ya ɗaura shi, bai ce ai na faɗa ba,
ya dai share hannu a hankali, ya daɗe yana sharewa.

Bututun yana nan.
Na kafa shi indararo a soron gidana.
In hadari ya sauko yana sha har ya ƙoshi,
yana ta surutu a kan tulu,
ba wanda ya tsaya a hanya saboda shi.